Allon bango mai sandunan katako: yana kashe amsa-kuwwa, amma ba ya tare ƙarar janareta

A 'yan shekarun nan wani irin allon bango ya shigo shagunan kayan ƙawata gini a Abuja da Kano da Kaduna, kuma duk mai yawan kallon hirarrakin da ake ɗorawa a YouTube ya riga ya san kamanninsa ko da bai san sunansa ba: siraran sandunan katako a jere a tsaye, a kan wata baƙar shimfiɗa ta matsattsen zare. Salon ya yi ƙarfi ne a ƙasashen arewacin Turai, musamman Denmak, inda aka daɗe ana lulluɓe bangon makarantu da ofisoshi da katako, sai dai da yawa daga cikin wanda ke isowa kasuwanninmu a yau daga masana'antun Sin yake fitowa. Masu sayarwa suna tallata shi da abubuwa uku, wato katako ne na asali, yana gyara sautin ɗaki, kuma ba ya cutar da muhalli. Na sa shi a zauren taro da karatu na wata ƙungiyar unguwa da aka ɗora mini alhakin gyarawa, allon ya sha damina ya sha hunturu a jikin bangon, don haka hukuncina a kan waɗannan alkawura uku ba daga hoton talla na ɗauko shi ba.

Allo ɗaya, a girman da aka fi samu, tsawonsa santimita 240 ne, faɗinsa 60, kaurinsa kuma ya ɗan wuce santimita 2. Shimfiɗar da ke baya tana da kaurin kusan milimita 9, kuma da zaren roba ake yin ta, irin robar gorar ruwan sha, a narkar da ita a ja ta zare a matse. Sandunan da ke gaba faɗinsu bai kai santimita 3 ba, tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai rata wadda yatsa ke iya shiga, kuma ba da gam aka manna su a kan shimfiɗar ba, da ƙananan ƙusoshin waya aka kafe su ta baya. Mutum ɗaya yana iya ɗaga allon, amma tsawonsa yana sa shi lanƙwasa, shi ya sa ya fi kyau mutum biyu su riƙe shi idan za a hau da shi bene.

Matsalar zaurenmu ita ce matsalar kusan kowane sabon gini a biranenmu. Ƙasa tayil, bango shafen siminti da fenti mai sheƙi, sama silin POP, tagogi gilashi, kujeru kuma na roba. Babu abu ɗaya a cikin waɗannan da ke shanye sauti, kowanne mayar da shi yake yi, saboda haka idan mai jawabi ya furta kalma sai ta yi ta yawo tsakanin bango da bango har ta haɗu da kalmar da ke biye da ita. Dattawan da ke zama a baya suna jin murya amma ba sa rarrabe magana, kuma abin da aka saba yi a irin wannan hali, wato a ƙara wa lasifika ƙarfi, ƙara dagula lamarin yake yi, domin ƙarin sauti ne ake zubawa a ɗakin da ya kasa shanye na farko. Tsohon zaure na ƙasa, mai rufin azara da tabarmi a shimfiɗe, bai san wannan cutar sosai ba. Tayil da POP ne suka kawo mana ita.

Ma'aunin da masana ke amfani da shi shi ne tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) bayan an daina yin sa. Wallace Sabine, malamin kimiyyar lissafi da zahiri a Jami'ar Harvard ta Amurka, shi ya kafa wannan ilimi bayan da aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca na gidan tarihin Fogg a 1895, inda murya ke daɗewa fiye da sakan 5 kafin ta mutu. Ya yi ta kwaso matasan kujeru daga wani zauren wasa da ke kusa yana shimfiɗa su da dare, yana auna bambancin da bututun busa da agogo, har ya gano cewa lokacin yana daidai da girman cikin ɗakin sau 0.161, a raba da jimlar abin da ke shanye sauti a ciki. Da wannan lissafi aka tsara zauren kaɗe-kaɗe na Boston wanda aka buɗe a 1900, kuma da shi ne na yi wa zaurenmu ƙiyasi kafin a sayi allo ko ɗaya. Zauren mita 10 ne a kan 7, tsayinsa 3.5, wato kubik mita 245. Idan babu kowa a ciki, abin da tayil da siminti da silin duka ke shanyewa bai wuce na kimanin murabba'in mita 10 na abin da ke shanye sauti gaba ɗaya ba, sai lissafi ya ba da kusan sakan 4. Idan mutum 30 suka zauna, jikinsu da manyan rigunansu suna saukar da shi zuwa ƙasa da sakan 2 kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar kan hayaniya a 1999, ta ba da shawarar sakan 0.6 ga ajin makaranta. Ni na nufi 0.8, kuma wannan yana nufin ƙarin murabba'in mita kusan 27 na abin da ke shanye sauti gaba ɗaya.

A nan ne gaskiyar allon take, kuma a nan ne mai saye ya fi cutuwa. Sandunan katakon da ido ke gani ba su ne ke shanye sauti ba. Katako mai santsi mayar da sauti yake yi kusan kamar bango, amfanin sandunan kawai shi ne suna ɗan warwatsa siraran sautuka. Aikin shanyewa na shimfiɗar baya ne da abin da ke bayanta. Iskar da sauti ke girgizawa tana kutsawa tsakanin zaren, gogayya ta cinye ƙarfinta. Amma a jikin bango daidai iskar ba ta motsi sosai, motsinta ya fi ƙarfi a nisan rubu'in tsawon igiyar sautin daga bangon. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, don haka sauti mai kaɗawa 4,000 a sakan tsawon igiyarsa bai kai santimita 9 ba, mai kaɗawa 1,000 ya kai santimita 34, mai kaɗawa 125 kuwa, irin gindin kakkaurar muryar namiji, ya haura mita 2.7. Shimfiɗa mai kaurin milimita 9 da aka liƙa kai tsaye a jikin siminti tana kama siraran sautuka ne kawai, ta bar masu kauri suna yawo, sai ɗakin ya daina ƙara mai kaifi ya koma gunji.

Ƙa'idar duniya ta ISO 11654 ta kasa kayan shanye sauti aji biyar, daga A mai shanye kashi 90 cikin 100 ko fiye, zuwa E mai shanye kashi 15 zuwa 25. Masana'antun da ke buga sakamakon gwajinsu sukan nuna cewa wannan allo, idan aka manna shi kai tsaye, yana faɗawa wajen ajin D, wato tsakanin kashi 30 zuwa 55. Ajin A da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali ana samunsa ne idan an fara kafa sandunan katako masu kaurin kimanin milimita 45 a bango, aka cusa audugar dutse, wato zare mai kama da auduga da ake yi da narkakken dutse, a tsakaninsu, sannan aka ɗora allon a kai. Dillalin da muka saya a wurinsa bai ambaci wannan ba, ya nuna mini harafin A kawai ya miƙo robar gam. Bambancin kuɗi ne tsagwaronsa: allo ɗaya murabba'in mita 1.44 ne, saboda haka a ajin A allo kusan 21 za su ishe mu, a ajin D kuwa sai mun sayi kusan ninki biyu ko fiye, kuma duk da haka kakkauran sautin zai ci gaba da zama. Mun ɗauki hanyar ajin A. Audugar dutsen ta yi wuyar samu fiye da allon kansa, a wajen masu aikin bututun na'urar sanyaya manyan gine-gine muka same ta, kuma dole mai sa ta ya rufe hanci da hannu saboda ƙaiƙayinta.

Kafawar ba ta da wuya ga kafintan da ya iya hannunsa, amma tana da tarko biyu. Na farko shi ne yanka. Idan za a rage faɗi, wuƙa mai kaifi ta isa, a bi ta cikin rata a yanke shimfiɗar. Idan za a rage tsawo kuwa, zarto zai ratsa sandunan duka, kuma da zarar an yanke wurin da ƙusoshin wayar suke, sai bakin sandunan su saki su riƙa lilo. Kafintanmu ya duba na farko da ya yanka ya ce, «Ranka ya daɗe, wannan sai an sake kafe kowace sanda ta baya kafin a tayar da shi, in ba haka ba yara za su fizge su ɗaya bayan ɗaya.» Haka aka yi, da gajerun sukurori, kuma ya riƙa manna salatif a kan layin yanka yana amfani da zarto mai ƙananan haƙora domin kada fatar katakon ta tsage. Tarko na biyu shi ne allon farko: idan ya karkace da ɗan kaɗan, layukan tsaye za su tona asirin karkatar a duk faɗin bangon, don haka ba a dogara da kusurwar ɗaki, da ma'aunin ruwa ake tsayar da shi. Baƙaƙen sukurori da aka ɗaura ta cikin rata suna ɓacewa a cikin shimfiɗar har sai an matsa kusa ake ganinsu, haɗin allo da allo ma ba ya nunawa, kuma wannan yana cikin abin da ya fi burge ni a ƙirar.

Ba mu jera su a bango ɗaya ba. Mun rufe bangon baya, wanda ke fuskantar mai jawabi, sannan muka raba sauran a dogon bango ɗaya daga tsayin kafaɗar mai zama zuwa sama, domin a ko'ina aka bar banguna biyu masu santsi suna kallon juna sauti zai riƙa kai-komo a tsakaninsu, abin da tafi ɗaya ke bayyanawa. Sakamakon ya fito fili tun ranar da aka gama. Tafin da a da ke barin wutsiya mai tsawo yanzu yana mutuwa da wuri, malami yana karantarwa ba tare da makirufo ba kuma na baya suna amsa tambaya, hayaniyar da ke tashi idan an tashi daga taro ta ragu domin mutane sun daina ɗaga murya don su rinjayi amon junansu. Waɗanda suka fi yabawa su ne tsofaffi masu ɗan nauyin ji, kuma a wurina shaidarsu ta fi kowace na'ura. A wannan alkawari allon ya cika, da sharaɗin an kashe kuɗin abin da ke bayansa.

Abin da bai yi ba, kuma ba zai taɓa yi ba, shi ne tare ƙarar waje. Janaretan maƙwabta da hon ɗin masu Keke Napep suna shigowa yadda suka saba, wataƙila ma an fi lura da su yanzu da cikin ɗakin ya natsu. Shanye sautin da ke cikin ɗaki daban, hana sauti ratsa bango daban. Na biyun nauyi yake buƙata da toshe kowace kafa, kuma a ƙa'ida duk ninka nauyin bango sau biyu yana rage abin da ke ratsa shi da kimanin desibel 6 ne kawai. Su kansu mutanen Finlan, waɗanda suka gina zauren Sibelius da katako a birnin Lahti aka buɗe shi a 2000, sai da suka cika cikin bangayen zauren da yashi domin katakon shi kaɗai ba shi da nauyin da zai tsare sauti. Duk wanda ya ce maka allon da za ka ɗauka da hannu ɗaya zai raba ka da janareta, bai san kayan da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani. Mai wannan damuwa ya fara da tagoginsa da ratar da ke ƙarƙashin ƙofarsa.

Batun «katako na asali» yana buƙatar a faɗe shi dalla-dalla. Cikin sandunan MDF ne, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse, fuskarsu kawai aka lulluɓe da fatar katako wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, galibi ta itacen oak ko ta gyaɗar Turawa. Ban ɗauki wannan a matsayin zamba ba, domin gungume ɗaya mai daraja da aka fere shi siriri yana rufe bangon da za a sare itatuwa da yawa kafin a rufe shi da falanki, kuma MDF ba ya murɗewa kamar tsagin katako. Zambar tana wani wuri. A kasuwa ɗaya, da suna ɗaya, ana sayar da wanda takarda ce ko leda aka buga wa zanen katako aka naɗe sandunan da ita, har ma da wani allon roba mai tudu da kwari wanda ba shi da shimfiɗar zare sam, kuma shi ma ana cewa yana gyara sauti alhali bai fi tayil ba. Hanyar ganewa ita ce a ajiye allo biyu kusa da juna: jijiyar katako na gaske ba ta maimaita kanta, ta takarda kuwa za ka ga ido ɗaya yana dawowa a tazara ɗaya. A kuma duba gefen sanda, domin da yawa fuskar gaba kawai aka lulluɓe, gefen an bar shi da launin MDF, abin da ke fitowa fili ga wanda ya shigo ta ƙofar da ke gefen bangon. Mai fuska uku ya fi tsada kuma ya fi kyau.

Alkawarin kare muhalli shi ne mafi rauni a cikin ukun, ba don ƙarya ne ba, sai don ba a kawo masa hujja. Gaskiya ne ana yin shimfiɗar da tsofaffin gorunan roba, amma yawan tsohuwar robar ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta. Gaskiya ne kuma kusan rabin nauyin busasshen katako sinadarin kabon ne da itacen ya zuƙo daga iska, yana nan a daure muddin allon yana jikin bango. To amma wane daji aka saro itacen? Tambarin FSC, ƙungiyar da aka kafa a 1993 domin tantance dazuzzukan da ake sara bisa tsari, yana zuwa da lambar da ake iya bincikawa a intanet. Kwalayenmu suna da hoton ganye kore, babu lamba. Haka batun gam ɗin MDF, wanda ke fitar da iskar fomaldihaid, sinadarin da hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sanya a jerin masu haddasa cutar a 2004. Turai tana da ma'aunin E1 da ke iyakance yawan abin da allo zai fitar, kuma ya kamata mai saye ya nemi ganin takardarsa. Namu ya yi wari mai ɗan yaji a hanci da aka buɗe shi, muka bar tagogi a buɗe har ya lafa. Duk da haka ina ganin ya fi a koma ga sarar manyan itatuwanmu domin ado. Mun ga abin da ya sami madobiya a dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta lokacin da kasuwar Sin ta buɗe mata baki, har yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sanya ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a taronta na 2016, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018.

An ƙera allon ne domin ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba, kuma hakan ya nuna. Baƙar shimfiɗa tana riƙe ƙura, cikin ɗan lokaci ratar ta koma ruwan toka, tsumma ba ya shiga, tsintsiya kuma tura ƙurar ciki take yi. Burushin fenti mai laushi yana taimakawa, na'urar zuƙe ƙura ta fi, kuma wanda ya sami shimfiɗa mai launin toka tun farko ya huta da rabin wahalar. Sanya sandunan a kwance, kamar yadda wasu ke yi domin ado, gina wa ƙura kanta ne a yankinmu. Damina tata matsalar daban ce: MDF idan ya sha ruwa kumbura yake yi kuma ba ya komawa, don haka mun ɗaga allon daga ƙasa da kimanin taƙi ɗaya saboda ruwan goge tayil, ba mu kuma kai shi bangon da ke jan danshi daga tushe ba. Sandunan da aka kafa a baya katakon kasuwa ne, su ne abincin gara, sai da aka shafe su da magani aka bar su suka bushe kafin a rufe. Sai wuta. Roba tana narkewa tana hayaƙi, kuma allon da ba a yi wa maganin hana kama wuta ba bai kai ajin B-s1,d0 na ma'aunin jure wuta na Turai ba, ajin da ya kamata a nema a duk zauren da jama'a ke cika. Wayoyin lantarkin da suka bi ta bayan allon mun zura su a bututu, ba mu bar haɗin salatif ko ɗaya a ciki ba.

Farashi yana bin dala, duk adadin da na rubuta yau zai iya zama tarihi kafin a karanta shi. Abin da zan iya cewa shi ne kuɗin allon kusan rabin labari ne, sauran yana cikin audugar dutse da katakon baya da sukurori da ladan kafinta, kuma dillalin bai ba da wani garanti a rubuce ba, bai kuma yarda ya karɓi allon da ya iso da karyayyen kusurwa ba sai da aka kai ruwa rana. Wanda zai saya ya buɗe kowane kwali a shago, ya kuma sayi duka a lokaci ɗaya, domin launin fatar katako yana sauyawa daga kaya zuwa kaya.

Da kuɗi suka yi ƙasa kafin a kai ga ƙaramin ɗakin karatu na yara, kafintan ya ba da shawarar ya ƙera irinsa da kansa: ya tsaga malaina, itacen da ake shukawa a gandu kuma yake girma da sauri, ya goge ya shafa mai, ya jera a kan baƙin yadi mai barin iska ta ratsa, da ragowar audugar dutse a baya. A kunne ban ji ya gaza na kanti ba, domin abin da ke aikin iri ɗaya ne, kuma wannan katako ne har cikinsa, ana iya kankare shi a sake shafa masa mai idan ya tsufa. Illarsa ta bayyana da hunturu ya kama: katakon bai gama bushewa ba lokacin da aka saye shi, sai wasu sandunan suka murɗe, ratar ta daina zama daidai, har sai da aka cire su aka maye gurbinsu. Mai son bin wannan hanya ya sayi katakonsa da rani, ya sa a tsaga shi, ya jera shi a inuwa da 'yan tsinkaye a tsakani na wasu makonni, sannan a zaɓi miƙaƙƙun a kafe kowace sanda a wurare huɗu maimakon biyu.